Yadda ake koyar da 'yan sakandare rubutacciyar waƙa ta hanyar hadda da gasar rerawa

Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda muke koyar da waƙa a sakandare, mu malaman Hausa. Ka shiga aji ka rubuta jigo a allo, ka rubuta salo, ka rubuta zubi da tsari, yara su kwafe, ranar jarabawa su juye maka kayanka, shi kenan wai an yi waƙa. Yaro ya gama SS3 ya san ma'anar amsa-amon ciki da na waje, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layukan waƙa, amma ka ce ya rera maka baiti biyu sai ka ga yana sosa ƙeya yana kallon silin. Alhali masu waƙoƙin nan dan kunne suka yi su. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka, jajoji, wato matan da ta naɗa jagorori, su zo su haddace su koma su biya wa 'yan taru, matan da ke ɗaukar karatu a wurinsu. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙarsa ta Imfiraji a ka mutane suka ɗauke ta suka yawata da ita gari gari. Mu kuma mun kama abin mun kulle a takarda.

Abin da zan faɗa a nan yadda nake yi ne a ajina, sati takwas cikin zango ɗaya, minti goma a farkon kowace firiyod ta Hausa, ba sai an taɓa silabas ba. Wanda ya ga da gyara ya gyara daidai da makarantarsa.

Mataki na farko: zaɓen waƙa

Nan ne ake cin gasa ko a faɗi, tun kafin a fara. Karon farko da na shirya abin nan waƙa ɗaya na ba kowa, doguwa, na ce duk wanda ya fi yawan baitoci shi ya ci, ranar gasa yara goma sha biyar suka dinga fitowa suna maimaita abu ɗaya, kafin a kai na shida 'yan kallo sun fara hira, iyayen da muka gayyata wasu sun zame. Laifin tsarin ne, yaran sun yi ƙoƙarinsu.

Yanzu waƙoƙi biyar zuwa shida nake warewa, a kowacce in yanko yanki mai ma'ana a karan kansa, wanda yana da inda ya faro da inda ya dire. 'Yan SS1 baiti 10 zuwa 12 na ƙwar biyu, wato mai layi biyu a kowane baiti, ya ishe su. SS2 a haura 15 ko 20, ko a ba su ƙwar biyar baiti 8, ka tuna ƙwar biyar baiti 8 ɗango 40 kenan, wato layi 40, ba ƙaramin aiki ba ne. 'Yan SS3 kuwa kar ka wahalar da kanka da su, ɗauko waƙoƙin da WAEC da NECO suka sa musu a wannan zagayen, jifa ɗaya tsuntsu biyu, kuma firinsifal ma zai fi saurin sa hannu in ya ji abin ya shafi jarabawa.

Ka gauraya. Ɗaya ta wa'azi ko madahu, ɗaya kan ilimi, ɗaya kan kishin ƙasa, ɗaya mai ɗan raha. Diwanin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Na'ibi Sulaiman Wali duk akwai abin ɗauka. Amma dan Allah malam ka karanta waƙar tun daga basmala har marufi, wato baitocin rufewa, kafin ka miƙa wa yara, sabida wasu waƙoƙin gargaɗin kalmominsu tsirara suke, marubucin da manya yake magana, wasu kuma na siyasar jam'iyya ne da za su iya jawo maka magana. In akwai yaran da ba Musulmi ba a ajin, ko waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne, ka tabbata akwai aƙalla waƙa biyu da za su ɗauka ba tare da sun takura ba.

Mataki na biyu: kai ka fara haddacewa

Wannan ba shi da tsawo amma babu tsallake shi. Ba yadda za a yi ka ce yaro ya haddace abin da kai kake leƙa takarda. Ranar da za ka gabatar da shirin ka shiga aji hannu rabbana, ka rufe ƙofa, ka jira su yi tsit, ka rera musu yankin nan da ka daga farko har ƙarshe. Kar ka yi wani bayani tukuna. In muryarka ba ta da daɗi ba komai, kari ake nema, wato ma'aunin da sautin waƙar ke tafiya a kai. In kuma ba ka san karin da ake rera waƙar da shi ba, nemi tsohon malamin Hausa ko wani dattijo a unguwa da ya san ta, ko rikodin ɗin marubucin in akwai, ka ɗauka a waya ka dinga ji a hanya.

Mataki na uku: kunne kafin ido

Satin farko ban raba takarda. Ni in rera ɗango su amsa, in rera su amsa, kamar dai yadda ake biyawa a makarantar allo, kuma yaranmu sun saba da wannan tun suna ƙanana, jarin da muke da shi kenan muna wasa da shi. Dalilin da ya sa nake riƙe takarda shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi duk g-a-r-i ne a takarda, amma a baki wasalin na farkon gajere ne, na biyun dogo, kuma karin rubutacciyar waƙar Hausa kacokan a kan wannan ya ginu, gaɓa mai nauyi da mara nauyi. Masu ajami sun fi mu sauƙi a nan dan su rubutunsu yana nuna ja. Yaron da ya fara da ido zai ja inda ba a ja, ya datse inda ake ja, kuma in ya haddace a karye toh gyaransa sai an sha wuya.

Sai in sa su tafi. Mai nauyi tafi da hannu, mara nauyi ɗan ƙwanƙwasa benci da yatsa. Mu fara da kalmomin yau da kullum: gida, ƙwanƙwasa ɗaya tafi ɗaya. Littafi, tafi uku. Makaranta, ƙwanƙwasa biyu tafi biyu. In sun kama sai mu ɗora a kan ɗangon farko na waƙar, mu yi na biyu, mu yi na uku, can sai ka ji wani daga baya ya ce "Malam ai iri ɗaya ne yake dawowa!" Toh ranar ya gano kari da kansa. Sunayen karuruwan, su Kamil da Mutaƙarab da Ramal, ka ajiye su sai can gaba, sunan ba ya da amfani ga wanda bai ji abin a jikinsa ba.

Mataki na huɗu: a fahimta kafin a haddace

Sati na biyu ake raba fotokwafi, in ba kuɗi a rubuta a kwali a manna a bango kowa ya kwafa da hannunsa, wannan ma ya fi dan rubutawar kanta rabin hadda ce. Ka zagaya ka duba kwafin kowa, kuskuren kwafi shi ke zama kuskuren hadda.

Sai a bi baiti baiti. Kowane yaro ya ja layi a ƙarƙashin kalmar da bai sani ba, za ka sha mamakin yawansu, kalmomin Larabci da tsohuwar Hausa da yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Ni ban ba su ma'ana nan take, cewa nake a je gida a tambayi kaka ko malamin Islamiyya, gobe a kawo. Wata yarinya ta taɓa dawo min da ma'anar kalma ɗaya haɗe da labarin yadda kakarta ke rera waƙar gaba ɗayanta tana kaɗi, kakar ma cewa ta yi a gaya wa malam akwai baitin da aka tsallake a takardar. Da na bincika, da gaskiyarta.

Bayan kalmomi, kowane baiti yaro ya faɗe shi da Hausarsa ta kasuwa a jimla ɗaya. Wa ke magana? Da wa yake? Faɗa yake ko lallashi ko roƙo? In ya iya amsa waɗannan ukun ya riga ya san jigo ko da ba ka ambaci kalmar ba. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: in waƙar da Sakkwatanci aka yi ta ko Katsinanci, a bar ta yadda take. Inda marubuci ya ce "shina" kar yaro ya mai da shi "yana" wai yana gyara, harshen mai waƙar ne, kuma sau da yawa irin wannan gyaran ne ke karya kari ko ya ɓata amsa-amo.

Mataki na biyar: haddar kanta

Sati na uku zuwa na shida. Baiti biyu a rana in ƙwar biyu ce, baiti ɗaya in ƙwar biyar ce, kar a wuce haka ko da yara sun ce za su iya. Kullum a fara da tishi, a biya na jiya da na shekaranjiya, sannan a yi ƙari.

Dabarar da ta fi min aiki ita ce ta goge allo. In rubuta baitocin ranar cikakku mu rera sau uku. In ɗau dasta in goge kalma biyu a kowane ɗango, mu sake. In ƙara gogewa, mu sake, har ya rage kalmar farko da ta amsa-amo kawai, daga ƙarshe allo fes, suna kallon baƙin allo suna rerawa kamar rubutun yana nan. Minti bakwai ya isa. Ranar farko da aka yi haka ajin har ihu suke dan su kansu ba su yarda sun riƙe ba.

Inda yara ke maƙalewa kusan kullum wuri ɗaya ne, mahaɗar baiti da baiti. Cikin baitin yana tafiya sumul, ya dire, sai ya tsaya cak ya rasa wanne ke biye. Maganinsa a riƙa haɗa ɗangon ƙarshe na wannan da ɗangon farko na mai bi masa ana maimaita su tare kamar abu ɗaya. Kuma a sa yaro ya riƙe labarin a ransa, daga yabon Ubangiji sai salati, daga salati sai kiran jama'a, daga nan sai misalin kaza, in ya san hanyar ba zai ɓata ba.

Ajina yana haura mutum saba'in, ba zan iya jin kowa ba, dan haka biyu biyu nake haɗa su, ɗaya ya riƙe takarda ɗaya ya kawo hadda, a yi musanye, kowa ya sa wa ɗan uwansa alama a inda ya yi tuntuɓe. Ranar Alhamis kuma jan baƙi muke yi irin na musabaƙa, in ja farkon ɗango daga ko'ina in nuna mutum ya ɗora, ya yi baiti ɗaya ya nuna wani. Ba bulala a wannan minti goman, ko kaɗan. Wanda ya kasa a ce wa na kusa da shi ya ɗora, a dawo kansa gobe. Waƙar da aka haddace da kuka ba ta fita da daɗi.

Ka sa ido a kan 'yan bencin baya. Akwai wani yaro da na yi, karatun boko yana ba shi wuya sosai, in aka ce ya karanta sakin layi sai gumi, ashe ya yi shekaru a tsangaya kafin a sa shi boko. Cikin kwana biyar ya kawo baiti ashirin ba gyara ko ɗaya, yana zaune yana ɗan rangaji yadda ya saba. Daga ranar na mai da shi mai jin haddar layinsu, kuma dan kar a kawo masa kuskure ya kasa ganewa sai ya dage da bin takardar da yatsa, karatunsa ma ya miƙe ta nan. Masu in'ina su ma kar ka cire su, da yawansu in suna rerawa harshen sakewa yake.

Mataki na shida: tsayuwa gaban mutane

Sati na shida da na bakwai. Hadda daban, fitowa gaban jama'a daban. Ka koya musu abubuwa kaɗan kawai: ya tsaya da ƙafa biyu ba jingina, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da ajinsa da sunan waƙar da marubucinta, ya ja numfashi, sannan ya fara. Numfashi a ƙarshen ɗango ake yi ba a tsakiyar kalma ba. Gudu shi ne babban ciwon, tsoro ke sa su sheƙa kamar ana bin su, ni nakan koma ƙarshen aji in tsaya in ce duk kalmar da ban ji ba ba a faɗe ta ba. Hannu kuma a bar shi ya huta, ɗan nuni kaɗan ya isa, ba dirama ake ba. In ya manta ya tsaya shiru ya koma farkon baitin, kar ya ce "au" kar ya yi dariya kar ya nemi gafara.

Maganar 'yan mata sai an yi ta da hankali. Wasu iyayen da sun ji kalmar waƙa hankalinsu kan na fim yake tafiya. Ka rubuta 'yar takarda a kai gida, da sa hannun firinsifal, ka bayyana rubutacciyar waƙa ce ta cikin manhaja, ba kiɗa ba rawa, ka ma haɗa da kwafin baitocin su gani da idonsu. In duk da haka uba bai yarda 'yarsa ta rera gaban maza ba, a mutunta shi, a yi zagayen mata daban da malamai mata a matsayin alƙalai, ko a ba ta damar ta karanta da ka ba tare da rerawa ba matuƙar kari bai karye ba. Kar dai a bar ta a baya.

Mataki na bakwai: gasar

Hawa uku nake yi. Na farko cikin aji, kuma kowa sai ya fito, ko baiti huɗu ne, makin ya shiga cikin na gwajin zango. Wannan shi ne asalin abin a wurina, dan in ka tsallake shi ka ɗebi zaƙaƙurai uku kawai ka horar, ka yi biki ne ba ka koyar da aji ba. Daga kowane aji a fitar da uku. Hawa na biyu tsakanin azuzuwan shekara ɗaya, a lokacin kulob ko bayan tashi. Na uku na makaranta gaba ɗaya, mutum tara zuwa goma sha biyu, kowa minti uku zuwa huɗu, kar taron ya wuce awa ɗaya da rabi.

Alƙalai uku, kuma kai da ka koyar kar ka shiga ciki, ɗauko malamin Hausa daga wata makaranta, da malamin Arabiyya in yana jin kari, da wani marubucin waƙa na gari in akwai. Bayan su a sami mutum na huɗu da ba ruwansa da komai sai takarda, yana bi kalma kalma yana ƙirga kuskure, shi ne kuma mai buɗa wa yaro in ya maƙale, amma sai yaron ya yi shiru na ɗan lokaci ya dube shi. Mu ba baƙin wannan tsari ba ne, musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986 ta sa kusan kowa ya san yadda alƙalai ke zama da yadda ake rage maki. Tsarin zaman kawai muka ara, darajar abin karantawar kam ba a haɗa su.

Ga yadda nake raba maki 100: hadda 30, kari da furuci 25, fahimta 25, murya 10, natsuwa da tsayuwa 10. Canza kalma ko tsallake ta a cire 1, tsallake ɗango a cire 2, in aka buɗa masa a cire 3. Ka lura murya goma kawai na ba ta, da gangan ne, in ba haka ba mai zaƙin murya zai dinga lashewa duk shekara ko bai san me yake faɗa ba. Makin fahimta kuwa rabi daga yadda ya rera ne, ya sassauta inda ake roƙo ya ɗaga inda ake faɗa, rabi kuma daga tambaya ɗaya da alƙali zai masa bayan ya dire, misali me marubuci ke nufi da kalma kaza, ko da me ya kamanta jahilci a baiti na biyar. A raba wa yara wannan takardar makin tun sati na uku, su san abin da ake nema. Kafin a fara kuma alƙalan su gwada ba wa yaro ɗaya da ba ya cikin gasa maki, su kwatanta, dan kar wani ya zama mai rowa wani mai kyauta.

Jerin fitowa a yi ƙuri'a, kuma a duba kar mutum biyu masu waƙa ɗaya su biyo juna. Lasifika a gwada tun da safe, a kuma shirya yara su iya yi ba ita, dan mu ranar gasarmu ta biyu janareta ya mutu ana tsakiyar na huɗu, yarinyar ba ta ko tsaya ba, ta ɗaga murya ta ci gaba, filin ya yi tsit har ta kai marufi. 'Yan kallo a gaya musu ba tafi ba sowa sai an dire.

Rana kuma, 21 ga Maris ita ce ranar waƙa ta duniya da UNESCO ta ware, tana faɗowa a zango na biyu, in ba ta ci karo da jarabawa ko azumi ba ta yi daidai. 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa ita ma ta yi. Ranar Hausa ta 26 ga Agusta yawanci ana dogon hutu, sai dai in wata ƙungiya ta gayyaci yaranka.

Kyauta kar a zurfafa. Littafin waƙoƙi, ƙamus, dozin ɗin littafin rubutu, satifiket ga duk wanda ya kai hawa na uku. PTA ko tsofaffin ɗalibai za su iya ɗaukar wannan in ka kai musu lissafi a rubuce da wuri. Ka ware kyauta ɗaya ta wanda ya fi kowa ci gaba daga inda ya faro, ita kam kai za ka zaɓa dan kai ka san su.

Mataki na takwas: satin da ya biyo baya

Kar a naɗe tabarma daga an raba kyauta. Yanzu ne lokacin kalmomin nan da muka ajiye. Ka rubuta kamantawa a allo ka ce wa zai kawo misali daga waƙarsa, ka ga hannuwa sama, ka rubuta mutuntarwa, ka rubuta babban amsa-amo, duk daga ka za su dinga zaro maka, darasin da da yake cin firiyod uku sai ya ƙare a ɗaya. Ka ɗauko tsofaffin tambayoyin WAEC na ɓangaren waƙa ka ba su ba tare da sun buɗe littafi ba.

Waɗanda suka yi nasara a ba su minti biyu a asambili ranar Litinin, mutum ɗaya duk sati. 'Yan SS2 da suka kai hawa na uku su ne masu jin haddar 'yan SS1 a zango mai zuwa. Sannan aikin gida na ƙarshe: kowa ya rubuto baiti biyu nasa na kansa, a kan karin waƙar da ya haddace da amsa-amonta, kan duk abin da ya ga dama, layin borehol ne ko kewar gida ko tsadar kuɗin mota. Ranar da za su kawo, kowa shi zai rera nasa, sauran aji suna bi da tafi da ƙwanƙwasa benci, inda kari ya karye su za su gaya masa.